Hujin Jirgin Baba Sallau

Ni da kuke gani, duk faɗin ƙasar nan babu direban da ya taɓa bin hanyar da na bi, babu kuma wanda ya tuƙa irin motar da na tuƙa. Haka na faɗa musu ran nan bayan la'asar a rumfar Mati mai shayi, haka kuma nake maimaita muku. Gambo tela ya ja tsaki. Jatau mai faci ya ce, "Ɗantala, yau kuma da wacce aka tashi?" Na ce masa wannan ba gatanan ba ce, ba sai wani ya ce ta zo mu ji ta ba. Abu ne da aka yi shi da rana tsaka, hannuna a kan sitiyari. Mati ya miƙo mini shayi, na gyara zama.

Can gabas, inda ƙasa take shimfiɗewa har ta gaji, akwai wata tungar masunta da ake kira Tungar Bawale. A da, in mutum ya buɗe ƙofar ɗakinsa da safe, ruwan tafki ne ke fara gaishe shi. Sai ruwan nan ya shiga ja da baya kaɗan-kaɗan, kamar baƙon da ba ya son a yi masa rakiya. Bana ya koma bayan kurmi, baɗi ya wuce inda ido ke kaiwa, har aka wayi gari ana haihuwar yara a gidan masunta ba su san ƙarnin ɗanyen kifi ba. Abin da ya bar musu shi ne faƙo, fili fari fat, ba itace, ba ciyawa, ba ko tsakuwar da za ka yi jifa da ita. Samansa ɓawo ne busasshe kamar ƙanzo a gindin tukunya, ƙarƙashinsa kuwa taɓo ne wanda ba a san zurfinsa ba. Kare in ya sheƙa da gudu yana ƙetarewa. Jaki kuwa, da yake shi mai tsayawa tunani ne, in ya shiga sai dai a hango kunnuwa. Akwai hanyar zagaye, amma wanda ya kama ta da bazara damina za ta riske shi bai yi rabi ba.

Mutanen tunga suka haƙura, suka rataye koma da taru, suka koma noman wake a bakin faƙo. Mutum ɗaya ne ya ƙi, Baba Sallau masassaƙin jirgi. Duk kwalekwalen da ya taɓa tashi daga gaɓar nan daga hannunsa ya fito. Cewa yake yi ruwa bai yi masa sallama ba, shi ma bai yi wa ruwa ba, saboda haka akwai sauran magana tsakaninsu. Tun da ruwa ya ƙi zuwa wurin jirgi, to jirgi zai je wurin ruwa.

Ya samo injin wata tsohuwar a-kori-kura da ta mutu a cikin gari, da giyabos ɗinta da tayoyinta. Ya farke gangunan mai, ya buge su suka miƙe, ya haɗa su da ƙusoshi. Daɓen ciki ya yi shi da katakon kwalekwalensa na ƙarshe. Goshin motar ya yi shi da tsini yadda zai tsaga igiyar ruwa, duk da babu igiyar ruwan da za a tsaga. Bai taɓa kiranta mota ba, jirgi yake cewa, sitiyari kuma filafili. In ka kuskura ka ce masa mota, ranar ba zai amsa gaisuwarka ba.

Yana cikin wannan aiki sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari kukar bakin kasuwa ce ta ɓace masa, sannan fuskokin mutane, har duniyarsa ta rage iyakar tsawon hannunsa. Wani mai duba ido da ya zo ran kasuwa ya ja 'ya'yansa gefe ya ce musu kafin kaka tsohon nan ba zai bambance dare da rana ba. In akwai abin da yake so ya gani, a nuna masa yanzu. Kowa kuwa ya san abin da yake so ya gani.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tsohon ya gwada motar tasa a gefen faƙo ya gane tana da iyaka biyu. In ta yi nawa, ɓawo ya fashe, taɓo ya haɗiye taya. In ta cika gudu, sai ta fara rabon kayanta: ƙusa ta yi gabas, murfi ya yi yamma. Tsakanin nan biyu akwai ɗan siririn gudu wanda take tafiya a cikinsa lafiya lau kamar agwagwa. Sai ya ɗauki fenti ya yi zane biyu a fuskar maleji, ya shafe allurar da fari tas yadda idonsa zai iya kama ta. Kada ku ce ai direba yana sanin gudunsa da ido. A cikin faƙo ko mai idon shaho bai san yana tafiya ko yana tsaye ba, don babu abin da ke wucewa ta gefenka. Rayuwarka tana kan allurar nan.

Na ce musu, ku da ba direbobi ba, bari in koya muku. Gambo ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Na ce amin, amma saurara. Maleji agogo ne da ba ya faɗin lokaci, gudu yake faɗi. A bayansa akwai waya mai kaurin ɗan yatsa, a cikinta kuma akwai wata siririya tana juyi kamar mazari. Baki ɗaya yana jikin giyabos a ƙasa, ɗaya bakin yana bayan agogon. Tsakaninsu akwai bangon ƙarfe wanda ya raba ɗakin inji da ƙafafun direba. Babu yadda wayar za ta iso sai an huda bangon nan.

Ku kuwa kun san masassaƙin jirgi da huji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana toshe kafa, yau an ce ya ɗauki ƙusa ya huda abin da ya ƙera da hannunsa. Baba Sallau ya daɗe yana zagaya bangon nan yana shafa shi yana ba shi haƙuri. Da ya ga babu makawa, ya huda ɗan mitsitsi, ya cusa wayar da ƙyar, ya bubbuga ƙarfen da guduma ya matse ta, ya kawo kwalta ya liƙe gaba da baya yadda ko hawaye ba zai ratsa ba.

'Ya'yansa suka ce, "Baba, ruwan da kake toshewa ai ya tafi."

Ya ce, "Wanda ya tafi ba ya dawowa ne? Huji a jikin jirgi ƙofar kabari ce. Ku bar ni da abin da na sani."

Abin da bai sani ba shi ne, inji rawarsa daban, bodi rawarsa daban, ba kiɗa ɗaya suke bi ba. Wayar tana tsakiya, bakin ƙarfen ganga kuwa ya fi askar wanzami. Ran da aka zagaya filin kasuwa don gwaji, allura ta tashi tsaf, can ta kama karkarwa kamar mai masassara, can ta kwanta ba ta ƙara motsi ba. Aka duba, hujin ya yanke wayar. Tsohon ya ce wayar zamani ce, ba ta da ƙwari. Aka samo wata, ya matse ta fiye da ta farko, ita ko filin ba ta gama zagayawa ba. Ya ce wannan kuma bakin mutane ne. Ta ukun wani direban babbar mota mai ɗaukar wake ne ya kawo, ya ce ya birkice duk matattun motocin cikin gari, ita kaɗai ta rage mai irin wannan baki. A ranar kuma aka ga shamuwa ta sauka a kan kuka. Ruwan sama ɗaya ya isa ya jiƙa ɓawon faƙo, shi ke nan sai wata shekarar, wata shekarar kuwa babu ido.

Tsohon ya ji ana ƙus-ƙus a kan hujin. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce, "Duk wanda ya ƙara wa hujin nan faɗi ko na ƙwayar gero, ban yafe masa ba."

Kun san nauyin wannan kalma a bakin uba. Kowannensu ya koma gida da ita a ƙirji kamar dutsen niƙa.

Babban, Nomau, maƙerin bokitai ne. Tun yana yaro ya san bokitin da ba a naɗe wa baki ba sai ya sha jinin yatsun mata. Ran Juma'a, da aka ja tsohon zuwa masallaci a ƙauyen gaba, Nomau ya ce cikinsa na ciwo. Ya shiga jirgin da kayan ƙirarsa, kurfi na huda ƙarfe da magagari na goge shi. Ya kankare kwaltar, ya buɗa hujin, ya goge haƙoran ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ya lanƙwasa siririn ƙarfe ya yi zobe, ya naɗe leɓen hujin a kansa kamar bakin bokiti, yana bugu a hankali da guduma naɗe da tsumma don kada maƙwabta su ji. Da ya gama ya sa yatsa ya zagaya, bai gamsu ba, ya sunkuya ya sa harshe ya lasa. Sumul. Sai a sannan ya ja da baya ya ga abin da ya yi: huji ya zama wanda ƙwan zabo zai wuce ta ciki. Ya tattara kayansa ya fita bai gaya wa kowa ba, ciwon cikin da ya ƙirƙira kuma ya zo masa da gaske.

Ta tsakiya, Tasalla, gidan dukawa take aure, hannunta ya faɗa da ɗinkin salka da kube har ta fi mijin. Ita ke share jirgin kullum da hantsi. Washegari ta shiga da tsintsiya sai ta ga rana ta leƙo ta bango ta kwanta a daɓe kamar kwabo. Ta duba naɗin bakin nan ta gane hannun yayanta. Ta kuma gane abu biyu. Waya a cikin wannan faffaɗan huji za ta yi ta dukan gefe da gefe kamar taɓarya a turmi har ta farfashe kanta. Sannan da zarar an tashi, iska za ta busa wa tsohon ƙauri, ya san an saɓa masa. Ta koma gida ta yanko ƙirgi daga wuyan sa, inda fata ta fi kauri. Ta fitar da zobe biyu ta ɗinke su baya da baya, ta bar musu ƙugu a tsakiya kamar kalangu, yadda bakin ƙarfen zai kwanta a cikin ƙugun. Cikin ta shimfiɗa masa jar fatar akuya mai laushin kunnen jariri, ta cika shi da man kaɗanya. Ta jiƙa shi ya yi laushi, ta murɗa ta tura shi cikin hujin, rana ta busar da shi ya kama gam. Daga waje ta shafa masa kwalta, don in tsohon ya kai yatsa ya ji abin da ya saba ji. Ta share daɓe ta fita tana istigfari.

Autan, Cindo, makaɗin garaya ne, uban yakan ce da shi da babu duk ɗaya. Amma siriri ne kamar sillen kara, shi kaɗai ke iya kutsawa ƙarƙashin jirgin, saboda haka shi aka ba wayar ƙarshe ya saka. Tsohon ya tsaya a kansa da sanda yana cewa, "Ka ja ta sosai, ta miƙe kamar igiyar da ake ɗaure jirgi a gaɓa. Ba na son sako-sako irin na rayuwarka." Cindo yana kwance a ƙasa ya ga fata, ya ga naɗin ƙarfe a bayan fata, ya gane yayyensa sun riga shi shiga wuta. Shi abin da ya sani a duniya tsirkiya ce, ya kuma san wadda aka ɗaure tamau ba ta kai ƙarshen waƙa. Ya ɗiga wa mazarin ciki mai, ya zura wayar ta cikin fatar, ya ba ta lanƙwasa mai faɗi kamar ƙahon bijimi, ba karyewa ba, ba miƙewa ba. Ya kauce da ita daga salansa, bututun da ke fitar da hayaƙi, don kada zafi ya dafa ta, ya rataye ta da tsinken fata sako-sako yadda za ta iya numfashi.

Tsohon ya ce, "Kaɗa ta in ji."

Cindo ya zaro guntun tsirkiya daga aljihu, ya ciji baki ɗaya, ya ja ɗayan da hannu, ya kaɗa da yatsa. Ta ce tin!

Tsohon ya ce, "Yawwa. Yau dai ka yi abin kai."

Ranar tafiya gari ya waye da wani farin gajimare can gabas, iska ba ta motsi. Duk tunga ta fito bakin faƙo. Baba Sallau ya sa rigarsa ta zuwa su, ya hau ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari.

Gambo ya ajiye kofinsa ya ce, "Tsaya, malam. Ba kai ne direban ba?"

Na ce ni ne direba, shi ne mai jirgi, mai jirgi kuwa ba a hana shi riƙe filafilinsa. Kuma me makaho zai kaɗe a wurin da babu komai? Tuƙi ai ba riƙon sitiyari ba ne kaɗai, akwai lura, lurar kuwa tawa ce. Tasalla ta zauna kusa da uban da goran ruwa a cinya. Nomau da Cindo suka hau katakon baya. Da yake motar ba ta tashi sai an tura, muka sa kafaɗa muka tura, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Allura ta ɗaga kai ta haura zanen farko, ta tsaya a tsakiya cak.

Wanda bai shiga faƙo ba bai san shiru ba. Kafin hantsi ya ɗaga, tunga ta nutse a baya, sama da ƙasa suka haɗe babu ɗinki a tsakaninsu. Ƙarar injin ma kamar daga wani gari take zuwa. Sai kawalwalniya ta fara buɗe kayanta. Ruwa ya bayyana dama da hagu, shuɗi shar, yana ƙyalli. Ga jiragen kamun kifi a kife suna tafiya a sararin sama, masunta a ciki kansu a ƙasa suna jefa taru sama. Ga garken shanu farare suna taka iska ba su taɓa ƙasa ba. Ga wata kasuwa da rumfunanta tana lilo kamar an shanya ta a igiya, in an nufe ta sai ta narke. Nomau ya rantse ya ga gidansu na da, da ruwa a bakin ƙofa, da mahaifiyarsu tana wanke-wanke. Su ukun suka yi ta ihu, "Baba, ga ruwa! Baba, karkata dama!"

Tsohon bai ga ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai har hancinsa na neman taɓa gilashin maleji, farar allurar nan ita ce duk abin da ya rage masa a duniya. Ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan ba ya ƙamshi." Yana juya filafili yana bin wata 'yar iska mai sanyi da ke taɓa masa kunci.

Can suka faɗa wurin da faƙo ya tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Motar ta kama kaɗuwa har haƙora na haɗuwa. Wayar ta shiga kai da kawo a cikin hujin ba ƙaƙƙautawa, da ƙarfe take guga da tuni ta huje. Amma a cikin fatar Tasalla take, tana zamewa a man kaɗanya kamar jariri a zanen goyo. Allura ba ta ko girgiza ba.

Gaba kaɗan iska ta taso daga gefe ta kwantar da jirgin a kan tayoyin hagu, bangon ya murɗe, duk nauyinsa ya danne fatar a kusurwa ɗaya har ta zama kamar takarda. Da bakin ƙarfen yana da kaifinsa na da, da ya yanka fata da waya a tashi ɗaya kamar yankan kuɓewa. Naɗin Nomau ya danna, ya danna, bai sami haƙorin cizo ba. Da iskar ta wuce fatar ta koma yadda take.

Sai kuma tsohuwar gaɓa, wani tudun yashi da ya kwanta a gicciye, babu wanda ya gan shi sai da aka hau. Motar ta tashi sama ta daɗe ba ta sauko ba, har Tasalla ta ce ta ji sanyin gajimare a goshinta. Da ta dira, injin ya yi tsalle daga mazauninsa ya fizgi duk abin da ke jikinsa. Waya miƙaƙƙiya da nan ta tsinke ko ta tumɓuke agogon. Lanƙwasar Cindo ta miƙe ta ba da abin da aka nema, ta koma ta lanƙwashe. Ɓawo ya tsage a bayansu, baƙin taɓo ya buɗe baki, tsohon ya ga allura ta sunkuya wajen zanen ƙasa, ya ƙara mata wuta kaɗan, suka wuce.

Rana ta karkata sannan ƙamshin ya iso, na danshi da ruɓaɓɓiyar ciyawa da hayaƙin banda. Wani farin tsuntsu ya gifta, na gaske, mai inuwa. Ƙasa ta yi tauri a ƙarƙashin taya. Baba Sallau ya ɗage ƙafa, allura ta sauko a hankali ta kwanta don kanta, ba don an yanke ta ba. Ya sauka bai nemi sanda ba. Ya taka cikin ruwan har gwiwa, ya sunkuya, ya yi ta sunkuyawa har gemunsa ya jiƙe. A wannan ɗan tazarar idonsa ya kama: haske yana wasa a kan yashi, 'yan ƙananan kifaye suna zagaya ƙafarsa suna sunsuna. Ya daɗe a haka. Can aka ji ya ce, "Ashe kana nan." Ba su san da ruwan yake ko da kifin ba.

Akwai masunta da suka yi bukkoki a wurin, cikinsu har da 'ya'yan abokansa na da. Ya ce shi ya iso, ba inda za shi kuma. Amma kafin ya zauna sai ya yi abin da kowane mai jirgi ke yi in an kai gaɓa, ya bi jikin jirginsa da tafin hannu yana neman inda ya yi yoyo. Ya shafa goshi, ya shafa ciki, ya zo kan hujin. Yatsansa ya ji kwalta, ya danna, ya ji laushi. Ya tura ƙumba ƙarƙashin fatar ya ji naɗin ƙarfe. Ya zura hannu ta baya ya kama wayar, ta biyo shi laƙwas.

Ya miƙe ya ce, "Wa ya taɓa mini huji?"

Nomau ya ɗaga kai yana duban hadari. Tasalla ta shiga gyara ɗaurin kallabi. Cindo ya ce shi dai abin da aka ce ya yi shi ya yi, Baba ma ya ji ƙararta da kunnensa.

Tsohon ya ce, "Waya biyu na saka da hannuna, ko kasuwa ba su fita ba. Wannan ta kawo ni gaban ruwa. Kalmar da na faɗa na janye ta, na yafe duniya da lahira. Wanda ya saɓa mini a kan hujin nan shi ya fi ni sanin jirgin nan, shi zai koma da shi, ya zama nasa."

Bai rufe baki ba su uku suka ce, "Ni ne, Baba!"

Nomau ya ce shi ya fara ɗaukar fushin uba a kansa tun babu wanda ya yi ƙarfin hali, kuma ba don ya buɗa ya naɗe ba, da babu inda fata za ta zauna. Tasalla ta ce yaya rami kawai ya haƙa ya gudu ya bar shi a buɗe, da Baba ya ji iska a ƙauri tun a gida da ba a tashi ba sam. Cindo ya ce su biyun a ɓoye suka yi nasu, shi kuwa a ƙarƙashin sandar Baba ya yi nasa, kuma gida mai kyau ba ya hana a shaƙe mutum in igiyar wuyansa ta yi gajere.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Jirgi ɗaya, filafili ɗaya. Ni kuwa ɗan ganin da ya rage mini ba zan ƙarar da shi a kan fuskokinku ba." Ya juya ya koma cikin ruwa ya sunkuya.

Na kurɓi shayi. Na ce musu wallahi har yau in na lumshe ido ina ganin motar nan yadda ta shiga faƙo da safen nan. Tana tafiya tana ƙanƙancewa, tayoyinta suka rabu da ƙasa, ta hau kan kawalwalniya tana lilo, ga wata irinta a kife a ƙarƙashinta. Ta koma kamar tunkiya, ta koma kamar zabuwa, ta koma kamar ƙuda a bakin ƙwarya, har farin nan ya haɗiye ta muka daina jin ƙararta.

Jatau mai faci ya goge hannu a gwiwa ya ce, "Ɗantala."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Kai da kake ciki kana lura, a ina ka tsaya ka hango ta ta koma kamar ƙuda?"

Gambo ya fashe da dariya har ya kifar da kofi. Mati ya ce, "Turawa dai ya yi, suka bar shi da hayaƙi a bakin gonar wake!"

Na ce Mati, ƙara mini sukari, shayin nan naka yau salam yake. Ku kuma da kuke haƙora waje, inda na tsaya ba shi ne a gaban alƙali ba. Mutum uku suna can bakin ruwa, hadari yana haɗuwa, jirgi ɗaya ne, tsoho kuma ya ƙi ɗago kai. Ga wanda ya naɗe bakin ƙarfe, ga wadda ta ɗinka wuyan fata, ga wanda ya sassauta waya. To, ku da kuka iya kama mutum, ku faɗa mini: a hannun wa za a sa filafilin?